Tambaya kan John Cassavetes: kuɗin fitowa a fim ɗin wasu zai iya ɗaukar nauyin fim ɗinka?

Ɗan Fitowa Ɗaya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman waɗanda suka san tarihin fim ɗin Amurka su taimaka min. Ni ƙaramin ɗan wasa ne, irin wanda ake kira idan ana buƙatar direba ko ɗan sanda, in faɗi kalma biyu in fita. Ina da labarin da na rubuta da hannuna, amma duk mai kuɗin da na kai wa sai ya ce a canza ƙarshen, ko a saka jarumin da shi yake so. Wani da muke aiki tare ya ce in nemi tarihin John Cassavetes, wai shi jarumi ne da yake fitowa a finafinan manyan kamfanoni, ya kwashi kuɗin ya zuba a nasa, ba mai ce masa uffan.

Abin da nake son sani: da gaske kuɗin fitowa kaɗai ya riƙe shi? Kuma an ce min ba ya rubuta labari, yana kunna kyamara ne kawai ya bar 'yan wasa su faɗi abin da ya zo bakinsu. Idan haka ne, ai ni ma ban ga abin da nake jira ba.

Tsohon Edita ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta biyun, don ita ce za ta iya jefa ka a rami. Cassavetes yana rubuta labari, rubutu mai yawa ma. Jita-jitar ta samo asali ne daga fim ɗinsa na farko, Shadows, wanda a ƙarshensa aka rubuta a allo cewa abin da ka kalla an ƙirƙire shi ne nan take. To, ɗaukar farko ta 1957 lallai daga atisayen ajin koyar da wasan kwaikwayo da yake gudanarwa a New York ta fito. Amma da ya nuna ta a 1958 bai gamsu ba, sai ya koma ya sake ɗaukar babban ɓangare da rubutattun fitowa, kuma wannan ta 1959 ita ce duniya ta sani. Finafinan da suka biyo baya kuwa a rubuce suke. Abin da yake sakar wa ɗan wasa shi ne yadda zai faɗi maganar, inda zai tsaya, lokacin da zai yi dariya ko ya yi shiru. Ba ya zana masa alama a ƙasa ya ce kada ka wuce nan. Mai kyamara ne zai bi ɗan wasa. Shi ya sa in kana kallo sai ka ɗauka hira ce ta gaske aka laɓe aka ɗauka.

Yanzu batun kuɗi. An haife shi a New York a 1929, iyayensa 'yan asalin Girka. Ya yi makarantar wasan kwaikwayo, ya yi ta fitowa a talabijin a shekarun 1950. Kuɗin Shadows kuwa tsince-tsince ne. Ya shiga shirin rediyo na dare na Jean Shepherd, ya ce duk mai son ganin fim kan mutane na gaske ya aiko da abin da ya sawwaƙa, masu sauraro suka aiko da kusan dala 2,000. Sauran ya fito daga aljihunsa da na abokai, gaba ɗaya aikin ya ci wajen dala 40,000, da kyamarar milimita 16, baƙi da fari. A Amurka ba wanda ya yarda ya rarraba shi. Sai da ya samu kyautar masu sharhi a bikin finafinai na Venice a 1960, wani kamfanin Ingila, British Lion, ya ɗauka, sannan fim ɗin ya dawo ƙasarsa kamar kayan da aka shigo da su daga waje.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, don nan ne matsalarka take. Bayan Shadows manyan kamfanoni suka kira shi. Ya yi wa Paramount fim ɗaya a 1961, sannan ya ba da umarni a A Child Is Waiting na 1963, labarin yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa a wata makaranta, da Burt Lancaster da Judy Garland. Furodusan, Stanley Kramer, bai ji daɗin yadda ya tace fim ɗin ba, ya karɓe ya tace yadda yake so. Suka yi baram-baram, Cassavetes ya ce fim ɗin ba nasa ba ne, ƙofofin ba da umarni a Hollywood suka rufe masa na wasu shekaru. Ni da na tsufa a gaban na'urar tacewa zan gaya maka, wanda ke riƙe da ɗakin tacewa shi ne mai fim. Kana iya ɗaukar abin da ka ga dama a lokeshan, amma in wani ne zai zaɓi wace fuska za ta tsaya daƙiƙa uku, wace za a yanke, to kai ɗan kwangila ne. Wannan shi ne abin da Cassavetes ya koma yana saye da kuɗin fitowarsa.

Dubi fim ɗinsa Faces. Ya ɗauke shi a 1965, wata shida ana aiki, yawanci da dare saboda mutanensa suna da ayyukan rana. Gidansa da gidan surukarsa su ne manyan lokeshan. 'Yan wasa da ma'aikata suka yi aiki kan alƙawarin kaso idan an samu riba. Ya tara hoto na sama da awa ɗari, ya zauna a gida yana tacewa kusan shekara uku. Wane kamfani ne zai ba ka shekara uku? A tsakanin nan ne ya fito a The Dirty Dozen na 1967, har aka saka shi a takarar Oscar, ya kuma fito a Rosemary's Baby na 1968 a matsayin mijin da ya sayar da matarsa don ya samu ɗaukaka a wasan kwaikwayo. Kuɗin waɗannan su suka riƙa shiga Faces. Da ya fito a 1968 ya shiga takarar Oscar a rukuni uku, har da na rubutun labari, wato dai mutumin da aka ce maka ba ya rubutu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga takarar, Lynn Carlin, sakatariya ce, wannan ne fim ɗinta na farko.

To amsarka: e, kuɗin fitowa ya yi aiki, amma ba shi kaɗai ba.

Maman Zahra ta rubuta:

Malam Edita ya yi bayani, amma a wurin da ya tsaya ne ni nake da magana. Duk lokacin da maza suka zauna suna yabon Cassavetes sai su ce "ya jinginar da gidansa". Gidan nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai mace a ciki, Gena Rowlands, wadda ya aura a 1954, da yara uku. Ita ma babbar jaruma ce mai samun nata kuɗin, kuma a ɗakunanta ake shimfiɗa wayoyin fitilu, ma'aikata suna shiga suna fita. Love Streams na 1984 ma a cikin gidan nan nasu na Los Angeles aka ɗauki yawancinsa.

Ɗauki A Woman Under the Influence na 1974. Masu kuɗi suka ƙi, don ba su ga wanda zai biya ya kalli matar aure mai matsakaicin shekaru tana rikicewa ba. Aka jinginar da gida, abokin Cassavetes, Peter Falk, wanda yake samun kuɗi a shirin talabijin na Columbo, ya zuba dala 500,000 ya kuma fito a matsayin mijin, Gena kuma ta fito a matar. Mahaifiyar Cassavetes ta fito a uwar miji, mahaifiyar Gena ta fito a uwar mata. Ka ga ke nan jarin ba kuɗi ba ne kawai, dangi ne gaba ɗaya.

Akwai wata fitowa da ba ta fita raina. Mijin ya kwana a wurin aiki, da safe ya kwaso abokan aikinsa lebura ya kawo su gida ba sanarwa. Matar ta dafa musu taliya, suka cika dogon tebur. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunansu, tana son kowa ya ji daɗi, har ta matsa wa ɗaya ya tashi su yi rawa. Sai mijin ya daka mata tsawa ta zauna. Tebur ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Kyamara ba ta gudu ba, ta tsaya kan fuskarta tana ƙoƙarin yin murmushi. Wannan aikin Gena ne. Cassavetes ya shiga takarar Oscar ta darakta, ita ta shiga ta jaruma, amma in ka cire ta daga finafinansa ban san me zai rage ba.

Don haka ɗan'uwa mai tambaya, kafin ka ce ba ka ga abin da kake jira ba, ka tambayi kanka: wa zai kwana a gidan da za ka jinginar, kuma ya yarda? Sannan kada ka manta shi ba ɗan fitowa ɗaya ba ne. Tun a 1959 ya riga ya zama jarumin shirinsa na talabijin, Johnny Staccato, a tashar NBC. In fim ya cinye shi, waya ɗaya zai ɗaga ya samu aikin da zai biya bashi. Kuma rayuwar ba ta bar shi lafiya ba: shan giya ya lalata masa hanta, ya rasu a watan Fabrairu na 1989 yana ɗan shekara 59.

Tsohon Edita ya rubuta:

Hajiya, ban musa ko ɗaya ba, kin cike inda na bari. Sai dai ban yarda a ce Gena an ja ta ne kawai ba. Wace mace ce a Hollywood ta wancan zamani aka rubuta wa irin waɗannan rawar? Fim ɗinsa Opening Night ya ba ta kyautar jaruma a bikin finafinai na Berlin a 1978, wani fim ɗin nasa, Gloria, ya sake kai ta takarar Oscar. Ita ma ta san abin da take saye.

Abin da ban taɓo ba shi ne kasuwa, kuma nan ne masu zaman kansu suke mutuwa. Da aka gama A Woman Under the Influence ba mai rarrabawa ko ɗaya da ya karɓa. Bayan an nuna shi a bikin finafinai na New York a 1974 ya samu yabo, sai Cassavetes da 'yan mutanensa suka zauna a ofis suna buga wa masu gidajen sinima waya gari-gari, suna roƙon a ba su allo. Suka kai shi har jami'o'i, shi da Falk suna tsayawa suna amsa tambayoyin ɗalibai. Fim ɗin ya kawo miliyoyin daloli, kuma da yake ba dillali a tsakani, kaso mai tsoka ya dawo hannunsu.

Sai me? Ya kwashi ribar ya zuba a The Killing of a Chinese Bookie na 1976, da jarumi Ben Gazzara. Mutane suka ƙi zuwa, cikin 'yan kwanaki aka sauke shi daga sinima. Ya sake tace shi ya rage tsawonsa ya fitar a 1978. Opening Night na 1977 kuwa kusan ba a gan shi a Amurka ba sai bayan mutuwarsa, Turawan Turai ne suka karɓe shi. Shi ya sa ya koma ya sayar wa kamfanin Columbia labarin Gloria, suka ce shi zai ba da umarni, ya yi. Abin dariya, wannan da ya yi don kuɗi shi ya ci babbar kyautar Venice a 1980, tare da wani fim na daraktan Faransa Louis Malle. Love Streams da ya ci babbar kyautar Berlin a 1984 ma da kuɗin kamfanin Cannon aka yi shi. Wato bai yi rantsuwar ba zai taɓa kuɗin kamfani ba. Yana karɓa in ya matsu, yana gudu in ya samu hali.

Ɗan Fitowa Ɗaya ya rubuta:

Na gode Baba Edita, na gode Hajiya. Gida dai ba ni da shi balle in jinginar, haya nake. Amma akwai aikin ba da umarni da aka yi min tayi, labarin wani ne, ba ya burge ni ko kaɗan. In karɓa ko in tsaya kan nawa? Kuma da wane fim ɗinsa zan fara?

Tsohon Edita ya rubuta:

Karɓi, in za a biya ka. Darakta Martin Scorsese ma ya yi irin wannan: a 1972 ya yi wa furodusa Roger Corman fim mai arha, Boxcar Bertha. Da ya nuna wa Cassavetes, sai ya rungume shi, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya ɓata shekara guda ta rayuwarsa a kan shirme, ya koma ya yi abin da ke cikin zuciyarsa. Shekarar da ta biyo baya ya fitar da Mean Streets. Amma lura, a aikin Corman ne Scorsese ya koyi gama fim cikin 'yan makonni da ƙaramin kasafi, kuma da wannan horon ya yi nasa. Ka yi na mutane sau ɗaya, ka kalli yadda ake tsara ranakun ɗauka, ka riƙe lambar mai ɗaukar sauti da ya iya aiki, don sautin Shadows ya ba su wahala ƙwarai wurin gyara. Kuɗin da ka samu kada ka sayi kyamara da shi, ana hayarta. Ka ajiye shi don watannin tacewa.

Kallo kuwa, kada ka fara da Faces ko Husbands, za su gajiyar da kai, maza ne a buge suna surutu na tsawon lokaci. Fara da A Woman Under the Influence. Kusan awa biyu da rabi ne, ka kashe waya. In ka zo fitowar taliyar da Hajiya ta ambata, ka mayar da ita baya ka sake kallo ba sauti, ka ƙirga sau nawa aka yanke hoto daga lokacin da mijin ya yi tsawa. Sai ka dawo nan mu yi magana kan ƙarshen labarinka da suke so a canza.