Neman kalma: ganyen nan da ake naɗa wa mawaƙi da sarki a ka

Bazazzagi: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 9 ina da darasi kan zanen Turai na ƙarni na 17, irin wanda ake sassaƙawa a farantin jan ƙarfe a buga a takarda. Robert Nanteuil, mai zana Sarki Louis na 14 na Faransa, yakan kewaye fuskar mutum da zoben ganye. A hoton da aka zana na Ben Jonson, mawaƙin Ingila, kuwa ganyen a kansa yake. Me zan kira wannan ganyen, wato laurel wreath, da Hausa?

Bakatsiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kambin ganye. Ai kambi muke cewa ko a ƙwallo.

Ɗan Damagaram: Mu nan loriye muke ce wa ganyen, shi ne dai busasshen da ake jefawa a miya. Kambin loriye.

Dattijo: Loriye Faransanci ne, ɗana. Ku dubi siffar abin: zobe ne da ke zama a tsakar ka. Gammo ke nan. Gammon yabo. Na daɗe ina faɗin wannan.

Bakatsiniya: Baba, a gafarce ni, gammo na ɗaukar tulu ne da itace. Wannan kuwa ganyen Apollo ne, abin bautar Girkawan da; a zamanin da shi ake ɗora wa zakaran wasannin Delphi a Girka da janar ɗin Rum ranar bikin nasara. Shi aka ɗora wa Petrarch, mawaƙin Italiya, a Rum a 1341. Ganyensa kore ne rani da damina, abin da mai zanen ke nufi ke nan: sunan nan ba zai bushe ba. Ɗalibi in ya ji gammo, dako zai gani.

Dattijo: To ɗaukaka ba kaya ba ce? Ku 'yan boko kunyar kalmar ƙauye kuke ji.

Ɗan Damagaram: Baba, kun karɓi mota da tebur daga Ingilishi, sai namu aron ne ba Hausa ba?

Bazazzagi: Don Allah mu dawo. Rawani fa?

Bakatsiniya: Rawani sarauta ce, ana gadonta. Mawaƙin nan bai gada ba, da alƙalaminsa ya samu. Kuma wanda ya kewaye hoton ba a kai yake ba, kambi ma bai ɗauke shi ba.

Bazazzagi: To zan ce kambin ganye in yana kai, zoben ganye in ya kewaye hoto, in ambaci loriye sau ɗaya.

Dattijo: Je ka da shi saboda gobe. Ni ban janye gammo ba.