Satire: barkwanci ne, habaici ko zambo?

Jama'a, ina neman kalma, kuma ƙanina ne ya jawo. Daren jiya mun kalli wani tsohon fim ɗin Amurka na 1982, Wrong Is Right, wanda Richard Brooks ya ba da umarni. Ana tsakiyar kallo ya juyo ya ce, "Yaya, wai wannan barkwanci ne ko da gaske suke?" Na buɗe baki na rasa amsa. Turawa suna kiran irinsa satire. Mu fa?

Ga labarin a taƙaice. Sean Connery ya fito a matsayin Patrick Hale, ɗan jaridar talabijin da sarakuna, 'yan leƙen asiri da 'yan ta'adda duk suke ganawa da shi, domin kowa yana buƙatar kyamararsa. Bama-baman nukiliya biyu, kowanne a cikin akwatin hannu, sun shiga kasuwa. Shugaban Amurka na fuskantar zaɓe, hukumar CIA na ƙulle-ƙullenta, 'yan ƙunar baƙin wake na tashin kansu a gaban jama'a, gidan talabijin kuwa yana lissafin yawan masu kallo. Can ƙarshe aka tsinci bama-baman a saman dogon benen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke birnin New York, aka samu hujjar tafiya yaƙi Gabas ta Tsakiya. Shekara 19 kafin harin 2001 da ya rusa wannan benen ke nan, shekara 21 kafin mamayar Iraƙi da sunan makaman kare dangi. Lokacin da ya fito bai yi kasuwa ba.

Da yawa za su ce barkwanci, kuma haka na sha ji a rediyo. Ban yarda ba. Barkwanci in ka yi dariya ya gama aikinsa. Wannan kuwa kana dariya gabanka na faɗuwa. In na ce wa ƙanina barkwanci ne, na ba shi izinin mantawa da shi kafin ya kwanta.

Wani malamina na Hausa, da na buga masa waya da safe, ya ce habaici. Allah ya gafarta Malam, na yi ta juya wannan tun ɗazu, amma habaici ɓoye kai yake yi. Kishiya tana daka tana waƙa, wadda ake nufi ta tsargu, in an tambaya a ce da wa aka yi? Haka gugar zana, haka shaguɓe. Fim ɗin nan bai ɓoye kowa ba: ya nuna fadar shugaban ƙasa, ya nuna janar mai ƙishirwar yaƙi, ya nuna ɗakin labarai. Gatse kuma dabara ce guda daga cikin kayan aikin, wato ka faɗi abu kana nufin akasinsa, kamar yadda sunan fim ɗin kansa yake cewa kuskure shi ne daidai. Ba'a da zolaya sun yi sauƙi, na abokan wasa ne.

Zambo ya fi kusa, kuma a nan na daɗe. Makaɗin fada in zai yi zambo, sai ya ɗauki aibi guda na mutum, rowa ko tsoro ko kwaɗayin sarauta, ya kambama shi har ya zame masa kamanni, a bainar jama'a, kowa ya gane wanda ake nufi. Haka aka yi a nan. Akwai wurin da ba zan manta ba: a ƙarshe, za a tafi fagen daga, Connery ya sa hannu ya cire gashin kantin da ke kansa ya jefar, sanƙonsa ya bayyana, ya kifa hular kwano. Ɗan jaridar da ya kamata ya tambayi dalilin yaƙin ya shirya tsaf zai je ya ɗauko shi a sayar. Wannan zambo ne tsantsa, ba a ce uffan ba.

Matsalar ita ce zambon fada yana da ubangida. Ana yi wa ɗan sarkin da ke hanƙoron gadon sarauta ne don a faranta wa wanda ke kai, a samu riga da doki. Shi kuwa wannan salon ba ya karɓar tukuici a hannun kowa, mai mulkin ma shi ya fi shan sara. Ta wannan fuskar ya fi kama da tashe, inda yaro zai manna gemun auduga, ya rungumo allo da buzu, ya kwaikwayi malamin da ke hana abu yana aikatawa, manya su yi dariya su kuma ji a jikinsu. Sai dai tashe na watan azumi ne, ba zai ɗauki fim ko zanen jarida ba.

Don haka ga abin da na kawo: zambon gyara. Zambo ya riƙe kaifin da kambamawar, gyara ya raba shi da cin mutunci da neman tukuici, tunda dama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na gwada "zambon faɗakarwa", amma ya yi nauyi a baki, kuma faɗakarwa ta riga ta zama sunan duk fim ɗin da ke ƙarewa da nasiha.

Na san za a ce ai fim ɗin bai gyara kowa ba, an yi yaƙin Iraƙi kuma an nuna shi kai tsaye. Gaskiya ne. Niyyar mai aikin kalmar ke faɗa, kamar yadda ake cewa mai wa'azi ko da ba wanda ya tuba.

Ku gwada ta a baki: fim ɗin zambon gyara ne, marubucin ya yi wa gidajen talabijin zambon gyara, ita ce gwanar zambon gyara a jaridar. Ɗazu na faɗa wa ƙanina. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, a mayar mana da wurin hular nan in sake gani."