Austin-Healey 3000 ta 1960: daga ina ake fara gyara, kuma a mayar da ita ta tsere ko a bar ta?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum, masana. Mota ce Austin-Healey 3000 ƙirar 1960, BT7 mai kujera huɗu, ta daɗe a ajiye. Injin yana juyawa da hannu, amma ƙofofi sun sauka, kuma fenti ya kumbura a layin da mudugad ya haɗu da tsakiyar bodi. Da injin za a fara ko da bodi? Sannan ya dace a yi mata shiri irin na motocin tseren kamfanin?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, rabu da injin tukuna. Silinda 6 ne mai cc 2,912, na BMC, wato kamfanin British Motor Corporation mai motar, ƙarfen zubi mai jimiri, kuma ana samun kayansa. Shasi ne ke cin kuɗi. Saukar ƙofa alama ce cewa dogaran ƙarƙashin ƙofa da hannuwan da ke fitowa daga shasi sun ruɓe. A nan ake walda cikin bodi da shasin, don haka idan ɗaya ya motsa, komai ya goce.

Kafin ka yanke komai, walda ƙarfe a gicciye cikin ramin kowace ƙofa. Kuma kada a daidaita ƙofofi da mudugad a kan shasi wofi. Injin da giya suna da nauyin da ke ɗan lanƙwasa shi, sai a gama fenti, a ɗora injin, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ko injin ya zauna a wurinsa, ko a sa nauyi kwatankwacinsa, motar na tsaye a kan tayoyinta, sannan a gwada tazara.

Kumburin fentin nan kuwa ba tsatsa ce kaɗai ba. Tsakiyar bodi, gaba da baya, alminiyam ne, mudugad kuma ƙarfe. Da zarar ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari kamar toka. A yanke leɓen da ya lalace, a walda sabo, a yi wa kowane ɓangare fenti daban, a sa abin raba tsakani kafin a ɗaure.

Duba kuma inda shokozoba ta gaba ke zaune. Hannunta shi ne hannun sama da ke riƙe taya, kuma notocin da ke cikin farantin da take zaune a kai sukan tsinke. Wannan maganar rai ce.

Mai Bin Tarihi:
Baba ya gama magana kan bodi. Batun tsere kuma, sunan motar nan a gasar titunan duwatsun Turai ta yi shi. A 1960 Pat Moss, ƙanwar shahararren direban tsere Stirling Moss, tare da Ann Wisdom suka lashe gasar Liège–Rome–Liège, tuƙin kusan kwana huɗu dare da rana. Tagwaye Donald da Erle Morley suka ci gasar tsaunukan Alps a 1961 da 1962, sai Rauno Aaltonen na Finlan da Tony Ambrose suka ci Spa–Sofia–Liège a 1964.

Amma waɗancan ba motocin kanti ba ne da aka shafa wa ja da farin rufi. Sashen gasa na BMC a Abingdon ya ƙarfafa shasi, ya ɗaga motar, ya sa faranti a ƙarƙashin injin, ya fito da salansa ta gefe saboda ta asali tana gugar ƙasa, ya kumbura murfin but don ɗaukar safaya biyu. Na baya-bayan sun sami kan injin na alminiyam da kafireta Weber 45 uku, ƙarfinsu ya kai wajen doki 210, alhali taka mai kafireta SU biyu doki 124 ce.

Shawarata, nemi takardar shaidar ƙira daga British Motor Industry Heritage Trust da ke Gaydon a Ingila. Za ta nuna lambar injin da launin da motar ta fito da su. Idan lambobi sun dace, bar ta yadda take, kwaikwayo zai rage mata daraja ne. Idan dama injin ba nata ba ne, ka yi shirin tseren, amma ka adana duk abin da ka cire.

Mai Wayarin:
Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe, don ranar da aka zo kan injin. Tazarar bawul inci 0.012 a sanyi, kwantak 0.015, filogi 0.025, jerin wuta 1-5-3-6-2-4. Bayan karanshaf babu roba mai tare mai, zare ne ke mayar da shi ciki, saboda haka ɗan ɗigo ba abin tsoro ba ne. Idan ya yi yawa, duba hanyar numfashin injin da sandar da rokoki masu danna bawul ke kai, domin in ta cinye sai mai ya cika sama.

Fozitif ɗin batir ne ke haɗe da bodi, kada a juya shi. Idan tana da ƙarin giyar Laycock mai sassauta wa injin a kan gudu (overdrive), wadda ke aiki a giya ta 3 da ta 4, baƙin man injin ake zuba wa giyar, ba mai kaurin nan na difa ba. A gwada makunnin da ke hana ta shiga a ribas kafin motar ta taka ƙasa, don yin baya tana kunne yana fasa kulocin da ke cikinta nan take.