Shingen roba mai cin ruwa da shimfiɗar roba: wa ya taɓa aiki da su?

Ɗan Kwangilar Unguwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar gini. Na samu ɗan aikin lambatu da kwalbati guda a wata unguwa a gefen Kano, a bakin titin da a-daidaita-sahu ba sa yankewa daga asuba har sha ɗayan dare. Mu dai yadda muka saba, tsofaffin tayoyi da diram muke jerawa, mu ɗaura jan ƙyalle a sanda, shi ke nan. To wannan karon injiniyan da ke duba aikin ya kafe, ya ce sai an sa shingen robar nan ja da fari da ake ɗura wa ruwa, in ba haka ba ba zai sa hannu a takardar biya ba.

Ga kuma matsala ta biyu. Babu inda tifa za ta sauke mana yashi da tsakuwa sai ta ratsa filin wani dattijo, kamar mita 30. Ƙasar wurin laka ce, ga shi muna tsakiyar Agusta. Dattijon ya yarda, amma da sharaɗin kada a mayar masa da fili kwazazzabo. Wani ya ce min akwai shimfiɗar roba mai kauri da ake jerawa mota ta bi ta kai.

Shin shingen nan yana tare mota da gaske, ko ado ne? Ruwa ya fi ko yashi? Ita kuma shimfiɗar, za ta ɗauki tifa mai taya goma da lodi? In saya ko in yi haya?

Injiniya Mai Hular Kwano:

Wa alaikumus salam. Malam, injiniyanka yana da gaskiya, amma ka san abin da kake saya. Yawancin shingayen robar da ke kasuwa aikinsu nuna wa direba hanya da hana mutane faɗawa rami. Ba a ƙera su don su tsayar da motar da ta ƙwace ba. Mai wannan aikin shi ne na kankare, irin wanda aka fara yi a jihar New Jersey ta Amurka a shekarun 1950, kuma guda mai tsawon mita 3 yana kai kusan tan 2. Akwai na roba da aka gwada da mota ta gaske, galibi masu ƙarfe a jiki ko a ciki, za ka ga takardarsu ta ambaci ma'aunin gwajin shinge, wato EN 1317 na Turai ko MASH na Amurka. In mai sayarwa ya ce maka nasa yana tare mota, ce ya nuna maka wannan takardar. Zai canza magana.

Ko wanda aka gwada ɗin, in mota ta doke shi matsawa yake yi, wani lokaci da mitoci. Saboda haka kada ka jera shi daf da bakin rami, inda birkila yake tsugune a ƙasa. Ka bar tazara gwargwadon abin da titin ya ba ka. Sannan kowane guda a sarƙe shi da na kusa da shi, da maɗaurin da ya zo da shi. Ƙarfinsa a haɗin yake. In aka ajiye su ɗai-ɗai da rata a tsakani, ɗan acaba ma zai kutsa ya wuce. Farkon layin kuma kada ya tsaya ƙiƙam a gaban mota, a karkato shi a hankali tun daga nesa, da allon gargaɗi kafin a iso.

Ruwa ka zuba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga lissafin nauyin ba wuya. Ƙanana suna cin lita ɗari da wani abu, manya masu mita 2 wasu suna kai lita 500. Yashi ya fi nauyi, amma ranar da za ka matsar da layi gaba za ka yi da-na-sani, don jiƙaƙƙen yashi ba ya fita ta ƙaramar kafar da ke ƙasa. Aikin lambatu kuwa kullum gaba yake matsawa.

Abu na ƙarshe, ka tambaya ko robar tana da maganin rana a cikinta. Wadda ba ta da shi, ranar Kano ta Maris da Afrilu za ta koɗar da jan ya koma ruwan hoda, daga nan sai tsagewa.

Baba Direban Tifa:

Yaro, ni ta ɓangaren shimfiɗa zan yi magana, don na hau ta da lodi. Tana aiki. Faɗinta mita 1.2, tsawo 2.4, nauyinta wajen kilo 40, lebura biyu suna ɗauka ba wahala. Layi biyu ake yi, kowace taya da nata. A mita 30 ɗinka kana bukatar 13 a kowane layi, 26 ke nan. A ɗaure su da juna, in ba haka ba da na taka mai za su zame ta baya su bar ni a cikin laka.

Amma ka ji wannan da kyau: raba nauyi take yi, ba gada ba ce. Na ga inda aka ɗora ta a kan ramin bututu aka ce in wuce, na ƙi. Kan rami farantin ƙarfe mai kauri ake sawa. Haka nan in ƙasar ta yi taɓo har ƙafarka tana nutsewa zuwa idon sawu, tan ɗin da aka rubuta a takardar kamfani cewa shimfiɗar tana ɗauka ba naka ba ne, wancan lissafin busasshiyar ƙasa ne. Tifa mai taya goma da jiƙaƙƙen yashi tana haura tan 20. Ka fara zuba tsakuwa ko burji a wuraren da suka fi laushi, ka daidaita, sannan ka shimfiɗa. Kuma ka ce wa direba ya shiga da baya a miƙe, kada ya juya sitiyari motar tana tsaye a kai.

In an kwana ana ruwa, ka haƙura da lodi har ƙasa ta tsane. Kuɗin katafilar da za ta jawo tifa daga laka ya fi asarar yini ɗaya.

Maman Sito:

Ni ce mai riƙe da kayan aiki a wani kamfanin gini, bari in ƙara abin da maza ba sa lissafawa. Shingen nan ƙafa gare shi. Wanda babu ruwa a ciki yaro biyu za su ɗauke shi da dare, gobe ka gan shi a ƙofar wani yana tare wurin ajiye mota. A cika su tun ranar farko, a rubuta lamba da fenti a jikin kowanne, mai gadi ya ƙirga safe da yamma.

Kada ka dogara da masu kurar ruwa wajen cikawa. Jarka lita 25 ce, shinge mai cin lita 200 jarka 8 ke nan, ka ninka da yawan shingayenka. Tanka ɗaya ta fi sauƙi. Murfin sama kuma a rufe shi ruf, don damina ce, kada ka yi wa unguwa kiwon sauro. Murafan ne suke fara ɓata, sai ka karɓo da 'yan rara.

Tunda aiki ɗaya ne, haya ta fi maka. Amma ka duba kowanne a gaban mai shi kafin a loda, a zuba ruwa a ga ko yana yoyo, a rubuta, kada a ɗora maka tsohuwar tsaga ranar mayarwa.

Ɗan Kwangilar Unguwa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Haya zan yi. Injiniya, saura abu ɗaya: titin babu fitila ko ɗaya. Jan da farin sun isa da dare?

Injiniya Mai Hular Kwano:

Ba su isa ba. Ka liƙa tef mai ƙyalli a gefen da motoci ke fitowa, ka sa fitila mai walƙiya ta sola a na farko da na ƙarshe. Yaro ya riƙa goge tef ɗin kowace yamma, don fantsamar taɓo tana rufe shi. Kuma tunda za ka ci rabin titi, ka sanar da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, kafin ka fara tono.