Ranar da inji ya ƙi amsawa a sama, ku ba mu labarinku

Sabon ɗalibi: Salamu alaikum. Makon jiya muna atisaye a ƙaramin jirgin sama Cessna 152, malamina ya janye totur da gangan don ya ga abin da zan yi in inji ya mutu. Na riƙe gudun not 60 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), na zaɓi fili. Da muka yi ƙasa ya ce in mayar da wuta, sai injin ya yi tari biyu, shi ke nan. A gona muka dire, tayar gaba ta karye, mu ko ƙwarzane. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Tsohon malami: Barka da arziki, ɗana. Ina zargin ƙanƙara a kafireto. Ɗalibai na dariya in na faɗa, wai ana zufa ina ƙanƙara za ta fito? Iska na shiga maƙogwaron kafireto, mai na zama tururi, sanyi ya sauka sosai, in akwai laima sai ta daskare ta toshe hanya. Totur a rufe kuwa shi ne lokacin da ta fi kamawa. Ni ta taɓa kama ni. Na ja maɓallin zafi, mai tura iska mai ɗumi cikin kafireto, injin ya ƙara kakari kamar zai ƙarasa, hannuna na rawa na bar shi a ja, can sai ya washe. Tun ranar, in ina gangarowa da totur a rufe, duk ƙafa 500 sai na ɗan ba injin wuta.

Kyaftin mace: Ni ruwa ne a mai. An kwana ana ruwan sama, robar murfin tanki ta tsufa, ni kuma na tsiyayi man gwaji a kofi sau ɗaya cikin gaggawa. Man jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa kwanciya yake a gindin kofi kamar ƙwallon ido, ban duba da kyau ba. Muna tashi, wajen ƙafa 300, shiru. Zuciyata ta ce juya titin jirgi. Malamina ya daka min tsawa, ya danna hanci ƙasa, muka sauka gaba cikin ciyawa. Da mun juya, da wani ne ke ba da labarin.

Mai Piper: Nawa abin kunya ne. A jirgina Piper PA-28, tankin hagu ya ƙare, na dama cike. Na juya zuwa tankin dama, injin ya tashi.

Sabon ɗalibi: Malam, gaskiya ban ja maɓallin zafin ba.