Makunnin injin batir ya ƙone: wa ya taɓa mayar da shi na ƙafa?

Basarke na Yauri

Assalamu alaikum jama'ar ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na rage kunna injin fetur, na sayi ƙaramin injin batir na hannu, mai volt 12 da ƙarfin turi fam 55, giya biyar gaba uku baya. Da shi nake duba ragar kalli da ƙugiyoyin mamari, don ba ya ƙara kuma ba ya korar kifi. Yanzu makunnin da ke cikin kansa ya ƙone, giya ta biyar kaɗai ke tashi. Ko da ma bai ƙone ba ina da damuwa: ina jan raga a tsakiyar kwale-kwale, mariƙin yana can baya, sai na saki aiki kafin in kashe. Ina so in jawo makunni kusa da ƙafata. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Mai Taru, Tiga

Wa alaikumus salam Malam. Na taɓa jawowa. Wani mai haɗa wutar gida ya yanka jar wayar ya sa mini makunnin bango, irin na fitilar ɗaki. Bai yi mako ba ya narke ya manne a kunne. Ranar ina dab da ragar wani dattijo, injin ya ƙi mutuwa, sai da na fizge waya daga kan batir da hannu, ta ƙona mini yatsa. Allah ya kiyaye, farfela ba ta kama ragar ba. Don Allah ka nisanci makunnin gida.

Riwaya na New Bussa

Mai Taru, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ya same ka yana da dalili. Injin 55 a giyar ƙarshe yana jan wajen amfiya 50, makunnin bango kuwa amfiya 10 aka yi shi dominta. Sannan wutar gida tana kai da komo ne, sau 100 a daƙiƙa ɗaya take saukowa sifili, shi ya sa tartsatsin da ke tashi in an kashe makunni yake mutuwa da kansa. Wutar batir hanya ɗaya take bi, tartsatsinta ba ya yankewa da wuri, sai ya narkar da bakin ƙarfen su haɗe.

Yadda nake yi wa masunta a nan: makunnin ƙafa ba ya ɗaukar wutar injin ko kaɗan. Shi ɗan aike ne kawai, ya kai saƙo ga solonoid, wato babban makunni da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa, solonoid ɗin ne ke ɗaukar kayan. Jar waya mai kauri ta tashi daga batir zuwa bireka, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, daga bireka zuwa solonoid, daga nan zuwa injin. Baƙar waya ta tafi kai tsaye. Sai siraran wayoyi biyu su je wurin ƙafarka, da fiyus na amfiya 5. Ka sa irin makunnin da sai ka taka yake aiki, da ka ɗaga ƙafa ya mutu. Na fi son wannan don in mutum ya zame ya faɗa ruwa, jirgi ba zai tafi ya bar shi ba.

Bireka kuwa amfiya 60, abin da kamfanin Minn Kota ke ba da shawara ke nan ga injin 55, kuma a ɗaura ta kusa da kan batir, kada ta wuce taƙi guda.

Alhaji na Nguru

Injiniya Riwaya ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya rage. Solonoid iri biyu ne. Yarona ya sayo na kik ɗin mota a wajen 'yan gwangwan, muka ɗaura, kafin mu tsallake fadama ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, ya mutu. An yi shi ne don 'yan daƙiƙun tayar da mota. Sai da muka nemo wanda aka rubuta a jikinsa yana iya zama a kunne dindindin, mai amfiya 100, sannan muka huta.

Bireka kuma kada wanda ya ce zai yi tsimin kuɗinta. Ruwanmu ya cika da kacalla, farfela ta naɗe ciyawa sai ta tsaya cak, a nan wuta ke hauhawa. Sau da yawa bireka ce ke faɗuwa ta ceci injin. In cire ciyawar, in mayar da ita, mu ci gaba.

Basarke na Yauri

Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Mu ma burugu da kainuwa haka suke mana. Injiniya, to giyoyin da suka mutu fa? A giya ta biyar ba zan iya bin raga a hankali ba.

Riwaya na New Bussa

Hanya biyu ce. Ko ka sayi sabon makunnin giya irin nasa ka sauya, ko ka rabu da shi gaba ɗaya. In za ka sauya, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. Yawanci huɗu ne ke gangarawa cikin sandar: biyu na injin kansa, biyu na naɗin wayar da ke rage gudu.

Wannan naɗin shi ya sa ba na son tsohon tsarin. A ƙananan giyoyi yana mayar da wani kaso na wutar zafi ne, ruwa ya sanyaya shi, kai kuma batirinka na ƙarewa. Akwai akwati da ake kira PWM, yana kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, ka murɗa gudu yadda kake so. Ka haɗa shi da wayoyin injin biyu, sauran biyun ka naɗe bakinsu kowace daban.

Ɗan Lagdo

Ni na sa PWM ɗin, kuma a tafiyar sannu batir yana daɗewa sosai, wannan na gani da idona. Sai dai na farko da na saya an rubuta amfiya 60 a kwalinsa, ya ƙone a ranar iska da na buɗe shi duka. Lambar da ke kan masu arha ba ta zaman dindindin ba ce. Na koma mai 100. Kuma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ga shi yana son iska. Na sa shi cikin roba mai murfi ƙarƙashin benci, na huda ta ƙasa. Wani abokin aikina nasa ya mutu nan take saboda an juya ja da baƙi a kan batir da asuba cikin duhu, shi ya sa na shafa jan fenti a gefe ɗaya na batirina.

Ribas kuma: juya wayoyin injin biyu ne ke juya farfela. Ka bari ta tsaya tukuna kafin ka juya, in ba haka ba makunnin ba zai kai damina ba.

Baaba na Yeji

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya da Kamaru. Mu a tafkin Volta jiragenmu dogaye ne, batir na gaba don daidaita nauyi, injin na baya, tsakaninsu kamar mita 5. Da waya mai lamba 6 (6mm²) na fara, injin ya zama kamar ba nawa ba, wayar kuma tana ɗumi. Ɗana da ya yi makarantar koyon sana'a ya lissafa mini: zuwa da dawowa mita 10 ke nan, a amfiya 50 kusan volt ɗaya da rabi na ɓacewa a hanya. Da muka sa mai lamba 16 (16mm²), wadda ta fi kauri, asarar ta dawo wajen rabin volt, ƙarfi ya dawo.

Ku lura da wayar kasuwa. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye musu abarsu. Kuma ku daina murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, laima na shiga ta yi kore. A matse ta da kan waya na jan ƙarfe, a ɗaure da noti, a shafa giris. Ni duk Juma'a da ba mu fita nake kwance kawunan batir in goge su da samfefa.