"In kunne ya ji, jiki ya tsira": ƙanena ya ce ba haka ba ne

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Jiya muka yi ka-ce-na-ce da ƙanena, mai sana'ar fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalmar ciki. Na ce ya daina shigo mini cikin yara da tufafin aikinsa, na ƙara da cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Buɗar bakinsa sai ya ce kunnensa ya ji tun tuni, cikinsa ne bai ji ba. Wa ke da gaskiya?

Sarkin Gardama: Yaya, ya kayar da ke. Masu iya magana ba su yi lissafi da yunwa ba.

Malam Shiru: Sun yi. Wanda ya ji bai bari ba, ai bai ji ba ke nan.

Ɗan Asibiti: Ni matsalata da karin maganar, kunnen wani ne ke ji, jikin wani ke biya. Yaro bai san komai ba, yana rarrafe a ƙura yana kai hannu baki, kuma jikinsa na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Ta taɓa ƙwaƙwalwa, sauran ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu ciki dalmar ta dawo jini ta kai ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje.

Jikar Inna: Allah ya jiƙan kakata. An taɓa ba wani haya a gidanmu, irin sana'ar ƙanenki yake yi a bayan ɗaki. Inna ba ta taɓa jin wata guba ba. Kajinta ta ga suna tangaɗi, su kife, su mutu. Ta tashi da sassafe ta watso masa kaskonsa da batiransa waje, yana ba ta haƙuri tana cewa abin da ya kashe kaza ba zai ji kunyar jikokinta ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka kankare ƙasar wurin da fartanya, aka kwashe, aka zubo sabuwa, ta hana mu wasa a can har damina ta wuce. 'Yan uwa suka yi ta cewa tsohuwa ta cika mugunta, ta raba bawan Allah da abincinsa. Ko a jikinta.

Sarkin Gardama: To ka ji, Malam. Ido ne ya gani, ba kunne ba.

Malam Shiru: Kajin ne suka yi mata wa'azi, ta kuwa ji.

Ɗan Asibiti: Haka aka yi a Minamata ta Japan. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa teku kafin a tabbatar da cutar a jikin mutane a 1956. Zaiba ce wani kamfani ke zubarwa a ruwa, kifi ya ɗauka.

Na Bayan Layi: Wai dalma na rage ji da fahimta ko? A taimaka a auna jinin su o'o, masu kunnen da ba ya buɗewa sai zaɓe ya matso.

Sarkin Gardama: Kada ka yi wa dalma sharri. Nasu gado ne.

Uwar Biyu: Ku dai ba ku da dama. Likita, in ya yi wanka ya canza kaya a wurin aiki, ya wadatar?

Ɗan Asibiti: Zai rage sosai, har da takalma, kuma kada a haɗa wankinsa da na yara. Amma a kai su gwajin jini, shi ma ya je.

Na Bayan Layi: Jikar Inna, ina mai hayar ya ƙare?

Jikar Inna: Ya koma gyaran keke. Daga baya ma shi ya auri gwaggona.

Sarkin Gardama: Inna ta yarda?! Wannan sai an buɗe masa zaure na daban.